Garmar Babarbare

Zariya,
Maris, 1976

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki Malam Haladu, da fatan zafin bazarar nan bai rage miki ƙarfin tsawata wa ƴan ajinki ba. Ni ma lafiya lau nake, sai dai na yi baƙi ƙirin saboda wuni a gonar gwaji.

Albishirinki. Garmar nan da na daɗe ina fama da ita ta yi aiki. Ba ta huɗa ba ce irin wadda kika sani, wannan ta noma ce. Shanu biyu ke jan ta, ƙarfenta ya lanƙwasa sama kamar baka don shuka ta wuce ta ƙarƙashi, haƙoranta kuma suna kankare ciyawa hagu da dama. Abin da gayya guda za ta wuni tana yi da fartanya, mutum ɗaya da shanunsa zai gama kafin azahar. Kin fi ni sanin yadda samarinmu suka watse zuwa Kano da Ikko da Fatakwal tun da arzikin mai ya buɗe, har bara ciyawa ta cinye rabin gonar Kawu Buba don babu hannu.

Jami'a ta haɗa mu uku a binciken, kowa daga sashensa. Ni nawa ƙira. Malama Zahara'u ta sashen ilimi tana bin diddigin yadda manomi ke koyon sabon abu. Malam Abdulsalami na sashen kasuwanci kuwa, mutumin Lakwaja ne mai fara'a da yawan magana, yana binciken abin da ke sa manomi ya sayi abu ko ya ƙi. Shi ne ya jawo na rubuto miki wannan takarda.

Ya zagaya kasuwar Birnin Kudu da ta Gwaram da ƙauyukan Kangire yana tambayar mutane. Ya gano cewa mutanenmu ba sa sayen kayan gona don sun gani a hoto ko don malamin gona ya yaba. Gonar wani suke leƙawa tukuna. Da ya tambaye su ta wa, amsa ɗaya ya yi ta samu, wai ta Malam Manu na Kiyako. Ya faɗo ofishina yana tafa hannu, ya ce, "Ashe mahaifinka ne! Ai aiki ya ƙare!"

Na zaunar da shi na yi masa bayani. Na ce ni ɗan fari ne, kuma a gidan Fulani uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama inda ake yabonsa, balle ya riƙe abin hannunsa a gaban jama'a. Ya yi dariya ya ce wannan tsohon yayi ne. Ga shi kwamitin da ke riƙe da binciken ya ce in daminar bana ta wuce ba a ga garmar a gonakin mutane ba, za a rufe aikin a jefa ƙarfen a sito.

Cikin kwanakin nan Abdulsalami zai ɗauko garmar a motar jami'a ya nufo Kiyako. Don Allah ki je gida ki tare shi kafin ya isa wurin Baba, ki nuna masa yadda ake shiga.

Ki gai da Inna in kin je. Allah Ya bar zumunci.

Yayanki,
Iliyasu

*

Gwaram,
Afrilu, 1976

Yaya Iliyasu,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, Malam Haladu yana amsawa da kyau. Amma takardarka ta yi tafiyar hawainiya, sai da abin ya auku na dawo Gwaram na tarar da ita tana jirana a makaranta.

Ka gyara zama ka ji. Na je Kiyako ne don sunan jaririn matar Sada, ƙanenmu. Ƙofar gida cike, Baba na zaune a kan buzunsa, dattawa sun kewaye shi ana raba goro, sai ga mota da tambarin jami'a. Baƙonka ya sauko, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gai da kowa. Ladabi kam ya iya, har na fara cewa a raina wannan zai yi hankali. Sai ya miƙe, ya sa aka sauko da garmar a tsakiyar fili, ya gyara murya kamar sanƙira ya ce, "Jama'a, ku taya Malam Manu murna! Ɗansa Iliyasu ya ƙera abin da Bature bai ƙera ba! Iliyasu ɗan Malam Manu! Baba, taso ka fara kamawa, albarkar Iliyasu!"

Baba ya sunkuya yana kallon yatsun ƙafarsa, can ya jawo butarsa ya shige gida kamar mai zuwa alwala, alhali ko hantsi bai gama ɗagawa ba. Bai sake leƙowa ba sai da ƙurar motar ta kwanta. Inna kuwa tana jin sunanka ta katanga ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zagaya bayan rumbu, ta bar matan suna da tukunyar tuwo. Bawan Allah ya tsaya yana waige-waige, ya tambaye ni ko Baba ba shi da lafiya ne. Na ce lafiyarsa ƙalau, kai ne dai ka kore shi daga ƙofar gidansa. Har ya ba ni tausayi, don na ga bai yi da mugun nufi ba.

Dattawa sun sha dariya bayan ya tafi, kuma ba wanda ya ga laifin Baba. Sai dai dariyar ba ta amfane ka da komai ba. Na samu Kawu Buba na ce ko shi zai gwada, tunda shi ciyawa ta fi cuta. Ya ce, "Safiya, mu ba ma shiga gaban Manu a harkar shanu. In ta hau gonarsa mun gani, mu bi. In ba ta hau ba, fartanya ba ta ƙare a kasuwa ba." Duk wanda na tuntuɓa bakinsu ɗaya.

Yanzu garmarka tana gindin tsamiyar ƙofar maigari. Ba zan ɓoye maka ba, awaki ake ɗaurewa a jikinta, kuma sun ce ta fi turke ƙarfi.

Ka yi haƙuri da labarin. Allah Ya kawo mafita.

Ƙanwarka,
Safiyatu

*

Zariya,
Afrilu, 1976

Safiyatu,

Salamu alaikum. Na samu takardarki, kuma Abdulsalami ya riga ya zo ya ba ni haƙuri har ya gaji.

Ba da shi nake fushi ba. Na san alkunya ce, al'adar gidanmu ce, na sha gaya wa kaina haka tun ina firamare, ranar da na zo na ɗaya aka ce kowa ya zo da mahaifinsa, shi ya turo Kawu Buba. Ranar da na karɓi digiri ma Kawu Buba ne ya sha mota ya zo. Ke yana kiran sunanki, yana tsokanarki, Sada ya goya shi a wuya zuwa kasuwa. Ni kuwa "wancan" ne, ko "na Zariya". Na haura shekara talatin ban san yadda sunana yake fita a bakin ubana ba, kuma abin yana mini ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba.

Lokacin da nake zanen garmar nan bayansa nake tunawa, yadda yake dafa ƙugu in ya miƙe daga noma. Shi na ƙera wa ita kafin kowa. Yanzu ga ta can awaki na tuma a kanta, kuma rashin taɓawarsa ne zai kashe aikin. Wani lokaci ina tambayar kaina ko alkunyar ce kawai, ko kuwa tun da na bar sanda na kama biro ya cire ni daga ransa.

Wani kamfanin mai a Fatakwal ya aiko yana neman injiniyoyi, abokan karatuna duk sun tafi. Na karɓi takardar neman aikin na ajiye. In an rufe binciken, can zan nufa, a can ba wanda ya damu da ko ni ɗan fari ne.

Kada ki karanta wa Inna wannan.

Iliyasu

*

Gwaram,
Mayu, 1976

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa, amma yau ƙanwa za ta yi wa yaya faɗa, ka yafe mini tun yanzu. Kada ka ƙara rubuta mini cewa Baba ya cire ka daga ransa. Ba ni da shaidar da zan sa a ambulan in aiko maka, amma ni na zauna a gidan nan bayan ka tafi makaranta, kai ba ka zauna ba. Maganar Fatakwal kuma ka mayar da ita aljihu tukuna.

Ga abin da ya faɗo mini. Ranar kasuwar Birnin Kudu na je sayen alli da littattafan aji, sai na ratsa ta layin maƙera. Tun daga bakin titi na jiyo muryar Baba yana ƙyalƙyala dariya. Ka san inda yake, maƙerar Baba Ɗanbala. Mutumin da a gida ba a jin muryarsa daga zaure zuwa tsakar gida, a can sai ka rantse wani ne. Shi yana ce wa Baba Ɗanbala bawansa ne Babarbare, shi kuma yana ce masa Bafillatani mai kwana da saniya. Wasan Fulani da Barebari ke nan, kuma su biyun nan tun suna samari suke yin sa. Duk abin da Baba Ɗanbala ya yi alfahari da shi, sai Baba ya karɓa ya gwada don kawai ya kushe shi a gaban mutane. Garmar huɗarsa ma haka ta shiga hannunsa.

To Baba ba zai karɓi abu daga hannunka ba, amma daga hannun abokin wasansa da gudu zai karɓa. Na koma da yamma na yi wa Baba Ɗanbala bayani. Ya yi dariya har ya saki guduma, ya ce in ka nuna masa yadda take zai ƙera irinta sak, sauran aikin kuma a bar masa.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma na san zai yi maka ɗaci. Ba za a ambaci sunanka ba. Babu tambarin jami'a, babu fenti, babu mota. Garmar Ɗanbala ce, a bakin kowa. Duk Kiyako sun ga taka a gindin tsamiya, saboda haka kowa zai gane, kuma kowa zai yi kamar bai gane ba. Wannan kam mun iya shi tun muna goye.

Ka zaɓa, Yaya, sunanka a jikin ƙarfe ko ƙarfen a gonar Baba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kada ka daɗe kana tunani.

Taka,
Safiyatu

*

Zariya,
Mayu, 1976

Malama Safiyatu mai faɗa,

Salamu alaikum. Na yi fushi da ke na kwana biyu, sannan na huce. Na yarda.

Da na kai maganar wurin abokan aikina, sai suka fi ni murna. Abdulsalami ya ce dama garmar da sai an zo Zariya za a same ta ba za ta yaɗu ba, wadda maƙerin gari zai ƙera ya kuma gyara ita ce mai kasuwa. Sai na koma kan zanen na cire duk wani ƙarfe da sai an yi odarsa daga waje, na mayar da ita yadda za a yi ta da tsohon sifirin na mota da bututun ruwa. Malama Zahara'u kuma ta hana ni aika zane a takarda. Ta ce bincikenta ya nuna maƙeri da hannu yake karatu, saboda haka mun yanka kowane sashe a jikin kwanon rufi daidai girmansa, sai ya ɗora a kan ƙarfe ya bi. Direban motar Gwaram zai sauke wa Baba Ɗanbala ƙunshin.

Abdulsalami ya yi rantsuwa in ya sake zuwa Kiyako bakinsa a rufe zai zo. Ban san ko zai iya ba.

Na sa hannu a kan cire sunana. Allah Ya sa mu dace.

Yayanki,
Iliyasu

*

Birnin Kudu,
Yuni, 1976

Takarda daga Ɗanbala maƙeri zuwa ga Iliyasu ɗan bawana Manu.

Bayan sallama da gaisuwa, ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya, kuma hannun ya fi sabawa da guduma.

Kwanukanka sun iso, na ƙera ta. Bakan nan na sama na ga kamar ka yi ɓarnar ƙarfe, sai na rage masa tsawo. Da na ja ta a kan masarar bayan gidana ta karya mini kawuna, matata ta yi mini tas. Na mayar da shi yadda ka yanka. Ashe karatun naka ba na banza ba ne.

Ranar kasuwa na girke ta a ƙofar maƙera na rufa mata buhu, na bar gefe ɗaya a buɗe. Ubanka ya zo ya zauna, yana satar kallonta. Na ƙyale shi sai da ya miƙa hannu, sannan na daka masa tsawa na ce, "Kai Bafillatani, janye hannunka! Wannan ba ta masu bin saniya ba ce. Shanunku na yawon daji ba za su iya jan ta a miƙe ba, sai sun tattake shuka."

Ya ce, "Yau ga ikon Allah, Babarbare ya ƙera abu. Ai kafin ta kai ƙarshen layi ɗaya ta tarwatse."

Na ce to a gwada mana in ba tsoro ba. Ya ce, "Ɗora mini ita a amalanke, bawana, in kai ta in kunyata ka a gaban duk Kiyako."

Kafin a ɗora ya yaye buhun ya zagaya ta. Ya tsaya yana shafa bakan nan, ya daɗe, ya wuce yadda mai shirin kunyata mutum ya kamata ya daɗe.

Ta tafi Kiyako. Saura ruwa da ikon Allah. Haza wassalam.

Ubangidan ubanka,
Ɗanbala

*

Gwaram,
Yuli, 1976

Yaya Iliyasu,

Salamu alaikum. Yau ba ni da haƙurin doguwar gaisuwa, kowa lafiya. Yaya, ta hau gonar Baba!

Na je gida ranar da zai yi noman farko a gonar dawa ta bakin hanya. Ka lura, ba ta bayan gari ya zaɓa ba, ta bakin hanya, inda duk mai zuwa kasuwa sai ya gani. Ya sa wa bijiman nan biyu takunkumi don kada su ci shuka, Sada ya ja gaba, shi ya kama hannun garmar da kansa. Yana tafe yana faɗa da ƙarfi, "Bari mu ga ƙaryar Babarbare." Layin farko ya ɗan karkace, ya tsaya ya sassauta karkiya. Daga na biyu kuwa sai ka ce da zare aka ja, ciyawa na kifewa hagu da dama, dawa na fitowa ta ƙarƙashin baka ko ganye bai karye ba. Mutane suka yi ta taruwa a kan iyakar gona har masu kekuna suka jingine. Kafin a kira azahar ya gama gonar da kullum sai an yi mata gayya. Ya miƙe tsaye, kuma bai dafa ƙugu ba. Kawu Buba ya tambaye shi yaya ya gani, ya ce, "Ba laifi, a aikin bawa." Ni kuka na yi, ban ɓoye ba, matan da ke kusa suka yi ta yi mini tsiya.

Malama Zahara'u ta zo bayan kwana kaɗan, ta sauka a ɗakina. Mace ce mai sauraro. Ta ce kada a tara mutane a yi musu lacca, a kira gayya kamar yadda aka saba. Aka kira a gonar Kawu Buba, da gangar noma da fura, amma maimakon fartanya kowane magidanci ya kama garmar ya yi layi guda, na bayansa na gyara masa. Kafin la'asar har tsofaffi sun iya, suna gardamar wanda layinsa ya fi miƙewa.

Abdulsalaminka ya cika alkawari, amma da ƙyar. Na gan shi ya cusa goro a baki har biyu don kada magana ta kuɓuce masa. Wadda ta kusa ɓata mana shiri Goggo Mero ce. Ta rangaɗa guɗa ta fara, "Ɗan Man..." sai matan suka rufe ta da shewa, ta juya ta ce, "Ɗanbala nake nufi, ku bar ni!" Baba yana can yana duba kofaton sa kamar kurma ne.

Yanzu sunanta Babarbariya. Daga Kangire ake zuwa aro, Baba Ɗanbala kuma ya ce tsohon sifirin ya fara wuya a garejin Birnin Kudu. Wadda ke gindin tsamiya ma maigari ya kori awakin, ya kankare tambarin, ya ɗaura wa shanunsa.

Ka zo ka gani da idonka. Ina alfahari da kai, ni dai ba a hana ni faɗa ba.

Ƙanwarka,
Safiyatu

*

Zariya,
Agusta, 1976

Safiyatu,

Salamu alaikum, da fatan kin koma Gwaram lafiya. Ba mu samu zama ba ranar da na zo Kiyako da ƴan kwamiti saboda baƙi, shi ya sa nake rubuto miki ƙarshen labarin.

Kwamiti ya zauna bayan mun dawo daga Kiyako. Shehunnan malaman nan da kika ga suna tsallake kunyoyi da takalman ofis, ba wanda ya yi gardama a cikinsu. An amince aikin ya ci gaba, kuma da rani za a tara maƙeran Gwaram da na Birnin Kudu da kewaye a koya musu da kwanukan Malama Zahara'u. Rahotonmu mu uku za a buga shi, shugaban sashenmu ya ce bai taɓa ganin bincike ya fita daga gonar gwaji ya shiga ta talakawa cikin damina ɗaya ba. Takardar Fatakwal na kunna risho da ita.

Na tsaya a bakin gonar ina kallon Baba yana maimai, baƙi sun kewaye shi. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Da na durƙusa na gaishe shi, ya dubi wajen shanu ya ce, "An zo lafiya?" Wani daga cikin baƙin, da bai san dawan garin ba, ya tambaye shi ko ya san wanda ya tsara garmar. Sai Baba ya ce wa Sada ya ja shanu, rana na yi.

Na samu abin da na nema, alhamdu lillahi, kuma ke ce sila. Abu ɗaya ne ya rage mini a rai. Ban sani ba ko ya riƙe ta ne don tana da amfani kawai, kamar yadda zai riƙe ta kowane maƙeri. Na daina sa ran sani, kuma ina koyon zama da hakan.

Azumi ya ƙarato, Allah Ya nuna mana. Ki gai da Malam Haladu.

Yayanki mai godiya,
Iliyasu

*

Birnin Kudu,
Satumba, 1976

Daga Ɗanbala maƙeri zuwa ga Iliyasu.

Bayan sallama, barka da shan ruwa. Ina da labari, ba zai jira salla ba.

Jiya kasuwa maƙerata ta cika. Wani bafatake daga Gwaram ya tsaya yana zuba mini kirari, wai kaina ya fi na Turawa, wai a duk ƙasar Kano ba a haifi mai basirata ba. Ni kuma na gyara zama ina karɓa, har ina ƙara masa. Ubanka na zaune a kan tabarma yana ji. Na ga yana motsi, yana gyara hula, yana tauna leɓe. Can abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙe tsaye ya nuna ni da sanda a gaban kowa ya ce:

"Kai Babarbare, rage fankama! Ƙarfe ka buga, wannan ko jakina aka ba guduma zai yi. Kan da ya tsara abin nan ba a gidanku aka haife shi ba. Ni na yanka masa rago!"

Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya ja malafa ya rufe fuska, ya ratsa mutane ya fita da sauri kamar an biyo shi, ina ta kira bai waiwayo ba. Shekarun da muka yi tare ban taɓa ganin Manu ya tafi gida ba takalmi ba sai jiya.

Takalman suna nan wurina, na hana Sada ɗauka. In ka zo salla ka biyo ta maƙera ka karɓa, ka kai masa da hannunka.

Wassalam,
Ɗanbala